Ɗan Farin da Ba a Ƙirga Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'Yar Iya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Yamai lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Babanku da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna a cikin ƙullin yaji da daddawa. Tun da Allah ya kawo ki duniya ban taɓa zaunar da ke mun yi doguwar magana ba. Ke ce ta fari, kuma kin san yadda aka rene mu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye ki Iya, mahaifiyata, ta ɗauke ki, kika tashi a ɗakinta kina ce mini Yaya kamar yadda kika ji ƙannena suna faɗa. Abin da ke raina bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Maganar bincikenki ce. Kin zaga ƙauyukan da ke kewaye da Mirriya, kin tambayi mata, kin auna yara, kika ce kin gano 'ya'yan fari ba su cika kamuwa da tamowa ba, ƙannensu ne yunwa ta fi ci. A kan wannan aka ba ki burs, kuɗin karatun da kika tafi da shi, a kansa za ki ɗora karatun da ke gabanki, kuma na ji kina gaya wa babanku wani furoje na agajin yara na son ya bi maganarki wajen zaɓen yaran da za a fara dubawa. Ni ina jin tsoron abin da kika gano ba haka yake ba. Ina so ki gaya wa malaminki haka kafin ki ƙara ko layi ɗaya, ko da hakan zai taɓa burs ɗin. Kada ki yi fushi ki ninke takardar. Ki bari in gaya miki inda na san wannan hanyar, don na bi ta kafin ke, kuma na yi tuntuɓe a kanta.

Kin san ni sajifam ce, karɓar haihuwa ne aikina har na yi ritaya. Amma lokacin kina ƙarama an taɓa aron mu daga asibiti, mu matasan mata masu takarda, aka ce mu shiga ƙauyuka mu yi anketi, wato bincike, a kan lafiyar yara. Aka ba mu mota da direba da farar riga. Wallahi a lokacin ji nake kamar ni na ƙirƙiro ilimi. Ƙauyen farko da muka sauka can wajen Garagumsa ne. Mai gari ya sa aka tara mana mata a gindin tsamiya, aka shimfiɗa mini tabarma sabuwa, na zauna na miƙe ƙafa. Na dubi wata dattijuwa a gaba, yayar mai gari ce, na ce mata, "Kuna tafasa ruwa kafin ku ba yara, ko?"

Ta ce, "Muna tafasawa mana, madam. Wa zai ba yaro ɗanyen ruwa?"

Daga ita har ta ƙarshen layi, kowace muna tafasawa. Na rubuta, raina fari ƙal, ina cewa ashe wayewa ta riga mu isowa. Da za mu tashi ƙishi ya kama ni, aka kawo mini ruwa mai sanyi daga randa, launinsa kamar na kunun kanwa, na shanye na yi godiya. A hanya muka yi ta wuce mata ɗauke da ɗan karan dawa da suka yi nisa kafin su samo, wanda ko tuwon dare da ƙyar zai dafa, amma ban haɗa wannan da wancan ba. Cikina ne ya fara gyara mini aikin, don kwana na yi ina zarya.

Matan nan ba ƙarya suka yi mini ba. Baƙuwa ce ta zo da mota, ta nuna abin da take son ji, suka ba ta kamar yadda za su ba ta fura. Ni na sa amsar a bakin tambayar, kuma na yi ta a gaban jama'a, inda ba wadda za ta saɓa wa yayar mai gari. Don haka ki kiyayi tambayar da ke ƙarewa da "ko". Ki sami mace ita kaɗai, a bakin turminta, ki ce mata yaya take yi, ki rufe bakinki ki jira. In kuma kika ga kowa ya ba ki amsa iri ɗaya sumul, kada ki yi murna tukuna, ki tashi ki leƙa randar.

Wannan kuskuren dariya muke yi masa idan mun haɗu da tsofaffin abokan aiki. Na biyun ban taɓa yi masa dariya ba.

A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai cika ido ba. Muka koma gefen Gaffati, wannan karon gida gida, don na koyi darasin tsamiya. Muna ɗauke da ɗan ma'aunin nan mai launi da ake naɗa wa yaro a dantse. Duk yaron da awonsa ya faɗa ja, sai a sa shi cikin waɗanda za a riƙa ba abinci mai gina jiki. Tambayarmu ta farko ita ce, "Yara nawa gare ki?" Waɗanda uwa ta faɗa, su za a kawo mu auna.

Na shiga wani gida na tarar da wata matashiya, Zuwaira, tana tankaɗe, da goyo a bayanta. Surukarta na zaune gefe tana ɓarar gyaɗa. Na yi tambayata. Zuwaira ta sunkuyar da kai, ta ɗan juya mini baya ta ce, "Ga shi nan." Na kwance jaririn na auna, lafiyarsa lau, yana shan nono. Na rubuta ɗaya na fita.

'Yar Iya, ni fa ungozoma ce. Yadda ta ɗaura goyon nan, yadda ta karɓe shi ta mayar ba tare da ta duba ba, na san ba hannun sabon shiga ba ne. Zuciyata ta gaya mini akwai na gaba da shi. Amma in tambayi mace ɗan farinta a gaban surukarta? Kunyar da za ta ji ni na fara jin ta. Ga rana ta take, ga gidaje a gabana. Na ce a raina ba a ce in tambayi abin da ba a rubuta mini ba.

Bayan an gama girbin abin da ya samu, ina bakin aiki a asibiti sai ga amalanke ya tsaya. Wata tsohuwa ta sauko rungume da yaro ɗan shekara uku ko kusa. Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya kwanta, ko kuka ba ya iyawa. Na ce, "Inna, ɗan wa ne?"

Ta ce, "Maigidana ne, jikana. Tun da aka yaye shi yana wurina, can tungarmu. Abin da na ci shi yake ci. Ni kuwa haƙora sun tafi, kunu nake sha, shi ma kunu."

Na ce ina uwarsa. Ta nuna mini waje da haɓa. Na leƙa, sai ga Zuwaira tsaye jikin katanga, ta juya wa ƙofa baya, da goyonta. Ta biyo amalanken da ƙafa tun daga ƙauye, amma ta kasa shigowa ɗakin da ɗanta yake kwance, kada a ce ba ta da kunya.

Mun yi abin da za mu iya. Yaron bai kai Juma'a ba. Zuwaira ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Sai da na kai mata zanen da aka lulluɓe shi da shi, muka tsaya mu biyu a bayan ɗakin, ta gane ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Cewa ta yi, muryarta ƙasa ƙasa, "Madam, ran nan da kin ce mini ban da na wurin tsohuwa fa, da na ɗaga miki kai."

Ɗaga kai kawai take buƙata in ba ta dama ta yi. Da la'asar ɗin ranar ban wuce gida ba, na bi ta unguwar Birni wurin Iya. Na tarar da ke a tsakar gida kina wasa da gwangwani. Na ce zo in gyara miki riga, na kama dantsenki na zagaye shi da yatsuna biyu, ina aunawa. Iya ta gan ni sarai, ta kau da kai ta ci gaba da kaɗinta. Ke kuwa kika fizge hannunki kika koma wurinta, don ba ki saba da hannuna ba.

Daga baya na zauna na tuna gidajen da muka shiga ɗaya bayan ɗaya. Su wa suka faɗa mana 'ya'yansu na fari? Matan bakin hanya, matan 'yan kasuwa da na malaman lakwal, wato makarantar boko, waɗanda suka ɗan yi karatu suka ajiye kunyar nan, suna riƙe da yaransu a gabansu, kuma tukunyarsu ba ta kwana a kife. Su muka auna, muka same su ɓul-ɓul. 'Ya'yan farin talakawa kuwa suna tungaye wurin kakanni, ba wanda ya ambace su, ba wanda ya naɗa musu ma'auni. Sai aikinmu ya fito yana cewa 'ya'yan fari sun fi kowa ƙoshi.

To ki riƙe wannan. Kafin ki tambayi abin da awonki ya nuna, ki tambayi wanda bai samu shiga awon ba, da dalilin da ya hana shi. Wanda ba ya nan ba zai ɗaga hannu ya ce an manta da shi ba, ke za ki fita nemansa. Kuma idan al'ada ta ɗaure wa mace baki, ba a ce ta kwance ba, ke za ki sake tambayar yadda ɗaga kai kaɗai zai iya amsawa. Ki je wurin tsofaffi ki ce wa suke riƙo. Ki tambayi wa da wa ke cin tuwon tukunyar nan, wa ke kwana a ɗakin can.

Na ukun shi ya fi hana ni sakewa, don na farko rashin sani ne, na biyu kunya da gajiya, shi kuwa da idona biyu na yi shi. Lokacin da na gane, an riga an haɗa rapor, wato rahoton aikin, an aika Yamai. Babban likitan da ya jagoranci aikin ya zo ya tara mu ya yaba mana, har da lemo da biskit. Na shiga taron da niyyar in ɗaga hannu. Na duba, ni ce ƙarama, ga manya da gilasai, sai hannun ya yi mini nauyi. Da muka fito na ja wata abokiyar aikina gefe, Halima, Allah ya jiƙanta, na gaya mata komai.

Ta ce, "Ke dai da neman magana. Yaro ɗaya ne fa. A rushe aikin shekara guda saboda yaro ɗaya? Su ce mana ba mu iya ba, gobe su ɗauko wasu?"

Ta wani gefen tana da gaskiya, yaro ɗaya ba hujja ba ne. Amma ya isa ya sa a koma a duba, kuma komawar ba za ta ci mana komai ba sai mai da 'yan kwanaki. Ba mu koma ba. Na yi shiru, na ce ai takarda ce, za ta shiga kabad ƙura ta rufe ta, a manta.

Ashe ba a mantawa. Ranar da kika tsaya gaban malamanki kina kare aikinki, ina zaune can baya cikin lafayata, ina ta kallon ƙasa kada a ga ina kallon ki. Kin yi kyau, muryarki ba ta rawa. Sai na ji kin ce abin da ya ƙara miki ƙarfin gwiwa shi ne wani tsohon bincike da aka yi a yankin nan ya samu daidai abin da kika samu. Aka tafa miki. Ni kuwa ban tafa ba, don na san tsohon binciken nan, da ƙafata aka yi shi. Ban san kin nemo shi ba, ke ma ba ki san ina ciki ba, tun da ba a sa sunayen irinmu.

Idan mutum biyu suka auna gero da tiya ɗaya wadda gindinta ya lotsa, awonsu zai zo daidai, amma duka biyun sun tauye mai saye. Tambayar da na yi ita kika yi, a gidaje irin waɗanda na shiga, ga mata masu kunya irin ta Zuwaira. Dole mu dace. Abin da ake kira ilimi haka ake ɗora shi, wani a kan na wani, kuma kowa yana ɗorawa ne da amanar cewa na ƙasa ya faɗi inda aikinsa yake da rauni. Ni ban faɗa ba, sai ga shi 'yar cikina ce ta zo ta ɗora a kai.

Na gaya wa babanku zan rubuto miki. Ya ce, "Haba, ki bar yarinya ta tafi da farin cikinta mana. In suka janye kuɗin karatun fa? Kin san ba mu da abin da za mu kai ta." Na ce na sani. Ya ce, "Kuma in ke ce ba ki da gaskiya?" Na ce wannan ma yana yiwuwa.

Kuma da gaske nake, yana yiwuwa. Zamani ya sake, wataƙila matan yanzu sun fi na lokacinmu sakin baki. Abin da nake da shi yaro ɗaya ne da zato, ke kuwa kin san lissafin da ni ko sunansa ban iya faɗa ba. Ban ce ki yarda da ni don na haife ki ba, wannan ma wani kuskuren ne. Cewa na yi ki gwada. Ki sami malaminki ki ce masa akwai ƙofar da kike tsoron kuskure ya shigo ta nan. In an yi hutu ki dawo ki koma ƙauyukan nan, ki tafi da mace mai shekaru, ki bi tungaye wurin kakanni. Kafin ki tashi ki yanke wa kanki abin da in kin gan shi za ki janye maganarki, don in kika bari sai kin je, zuciya za ta yi ta nemo miki uzuri. In kin duba kin tarar ni ce na ɓata, aikinki ya ƙara ƙarfi, ni kuma in samu barci. In kuwa kin tarar da 'ya'yan farin can, ki faɗa da babbar murya, ki haɗa da tsohon binciken, ki ce ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shi ce ta gaya miki.

Ban san halin malaminki ba. Mai yiwuwa ya ga girmanki, mai yiwuwa ya ɓata rai. In burs ta tafi zan yi baƙin ciki fiye da yadda kike zato, don na ga yadda kika wahala kafin ki same ta. Amma idan furojen nan ya bi maganarki ya bar 'ya'yan fari a ƙarshen layi, akwai tsohuwar da za ta hau amalanke, kuma wata rana labarin zai iso ki. Na san nauyin wannan, ba na so ki ɗauke shi.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Kafin ku fita ƙauye, kin kawo ƙawarki Ramatu gida don ku gwada tambayoyinku a kan matan unguwa. Ramatu ta ji kina ce mini Yaya, ta ɗauka ni yayarki ce ko ƙanwar babanku. Ta zauna gabana da ladabi ta ce, "Mama, 'ya'ya nawa Allah ya ba ki?"

Na ce, "Huɗu."

Ban yi shawara da kaina ba, bakina ne ya faɗa, ni da na yi lakwal, ni da na ga abin da ya sami Zuwaira. Ramatu ta rubuta ta wuce tambaya ta gaba. Ke kina bakin madafa da faranti a hannu. Na ga kin tsaya cak, sannan kika juya kika koma ciki. Ba ki gyara mata ba. Kwanakin da suka biyo baya gaisuwarki ta gajarce, ni kuma na kasa ce miki komai.

A ranar, da kunnen 'ya kika ji ni, kuma ya yi miki ciwo, na sani. Ina roƙon ki ki sake saurara da kunnen mai bincike. In ni na amsa haka a tsakiyar Damagaram, kina tsaye a gabana, me kike zato matar ƙauye ta gaya miki a gaban surukarta?

In kin gama wannan, ki mayar da kunnen 'yar ki ji sauran. Biyar ne. Ban taɓa kwana ban ƙirga ki ba, kuma da ke nake farawa.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya ba ki lafiya da ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a inda na kasa. Allah ya jiƙan Iya da ta rene ki, ya jiƙan yaron nan, ya ba uwarsa haƙuri in tana raye. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya dawo mana da ke lafiya, amin.

Wassalam.

Ni ce,
mahaifiyarki.